Idan Layi Ya Ɗauke: Darasin Arewacin Zamfara Ga Masu Wayar Ofis Ta Intanet

Kira ta intanet ya sauƙaƙa kuɗin waya a ofisoshi, asibitoci da shaguna, amma ya dogara da wuta, da data, da akwatin rarraba kira guda. Abin da mutanen Katuru, Shinkafi, Zurmi da Ƙauran Namoda suka gani ya nuna irin tanadin ko-ta-kwana da ke aiki ranar da ake buƙatarsa.

Ranar Juma'a, 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, a ƙarƙashin Farfesa Umar Garba Danbatta, ta umarci kamfanonin waya su kashe dukkan ƙarafan sabis da ke Jihar Zamfara. Gwamnatin Bello Matawalle ce ta nemi hakan, domin a toshe hanyar da 'yan bindiga ke bi suna samun labari daga masu ba su bayanai. Umarnin ya fito kwana biyu bayan sace ɗalibai fiye da 70 a makarantar sakandaren Kaya, cikin ƙaramar hukumar Maradun. Bai tsaya a kan ƙarafan cikin jihar ba, ya haɗa da duk wani ƙarfe na maƙwabtan jihohi da sabis ɗinsa ke iya tsallakowa. An ce mako biyu za a yi a zagayen farko. Gusau ta samu nata layin ranar 1 ga Oktoba, amma sai ƙarshen Nuwamba gwamnan ya sanar da janye matakin a sauran ƙananan hukumomi.

A Katuru, wadda mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Shinkafi, da garuruwan da ke kan hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, da ƙauyukan Zurmi na bakin iyaka, kusan wata uku ke nan ana riƙe da wayar da ba ta kira. An rufe kasuwannin mako-mako, har da ta Shinkafi mai ci ranar Alhamis, wadda fatake ke zuwa daga nesa saboda dabbobi da hatsi. Mai POS ya rufe rumfarsa. Wanda ɗansa ke aiko masa da kuɗi daga Legas ya daina jin alat. Mutanen Gusau suka riƙa hawa mota zuwa Funtuwa don su yi kira ko taransfa, na bakin iyaka suka koma laluben sabis ɗin Nijar, wasiƙar hannu kuma ta dawo, direbobin tasha suka zama masu kai saƙo. Kafin watan Satumba ya ƙare, Katsina ta rufe sabis a ƙananan hukumomi 13, Sakkwato a 14, Kaduna ma ta bi sahu a wasu yankuna.

Akwai abin da ya kamata duk mai ofis ya lura da shi a wannan labari. Yawancin 'yan kasuwar yankin suna da sim biyu, wasu uku, kuma sun ɗauka sun yi tanadi. Ranar da aka ba da umarnin, MTN, Airtel, Glo da 9mobile duk suka yi shiru tare. Tanadin da ke faɗuwa rana ɗaya da abin da aka yi shi dominsa bai tsare kowa ba.

Yadda murya ke tafiya a intanet

Duk wanda ya taɓa kiran ɗan'uwansa da ke ƙasar waje ta WhatsApp ya yi amfani da fasahar da masana ke kira VoIP. Waya na yanka muryar mutum zuwa ƙananan ƙunsoshi, galibi 50 a kowace daƙiƙa, ta tura su ta hanyar da saƙon rubutu da hoto ke bi, can a ɗaya ɓangaren a sake jera su. Kira ɗaya ba ya cin data mai yawa. Tsarin G.711, mai fitar da murya tas, yana ɗaukar kilobit 64 a daƙiƙa, G.729 kuwa yana matse ta zuwa kilobit 8. Abin da murya ba ta jurewa shi ne jinkiri. Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta ba da shawarar kada murya ta wuce milisakan 150 kafin ta isa kunnen mai sauraro, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. Hoto zai iya jiran sabis ya dawo ya ƙarasa sauka. Magana idan ta makara, sai masu hira su riƙa katse juna, ko muryar ta riƙa yankewa.

A ofis, wannan fasaha tana da kayanta. Akwai wayoyin girke na kan teburi, irin na Yealink, Grandstream ko Cisco. Akwai akwatin rarraba kira, PBX, wanda ke sanin lambar kowane ɗaki, ya tura kira inda ya dace. Akwai suwic da dukkan wayoyin ke jone da shi, da rauta mai fita da su intanet, da kamfanin da ke haɗa ofishin da lambobin waje ta layin SIP. Tun da Mark Spencer ya fito da manhajar Asterisk kyauta a 1999, ƙaramar kwamfuta ma tana iya zama akwatin rarraba kira, abin da ya sa tsarin ya sauko daga manyan bankuna zuwa asibitocin kuɗi, makarantu, otal-otal da ɗakunan ajiyar taki da hatsi.

Arahar tana da farashinta. Tsohuwar wayar NITEL daga ofishin waya take samun wutarta, bolt 48 daga manyan batura, ta igiyar da ke kawo murya. Ko an ɗauke wuta a unguwa, tarho na ringi. Wayar intanet kuwa sarƙa ce mai gaɓoɓi biyar: wuta, suwic, akwati, rauta, da hanyar fita. Ko wace gaɓa ta tsinke, kiran waje ya tsaya.

Sim biyu, ƙarfe ɗaya

Manomin Katuru ya san cewa rumbu biyu da ke manne a danga ɗaya, gobara ɗaya ce ke cinye su. Wannan ita ce ƙa'idar farko a tanadin sadarwa: a tambayi abin da hanyoyin biyu suka yi tarayya a kansa.

Tun 2014 manyan kamfanonin waya na Najeriya suka sayar da dubban ƙarafansu ga kamfanonin da ke kula da su, irin su IHS da American Tower. Saboda haka ƙarfe ɗaya a bakin gari yana iya ɗauke da kayan kamfani biyu ko uku, da janareta ɗaya, da tankin dizal ɗaya. Idan motar mai ta kasa shigowa saboda hanya ba lafiya, ko aka sace batura, layukan duka za su ɗauke. A karkara kuma ƙarafan jere suke, kowane na karɓar sigina daga na gabansa ta farantin da ke samansa, har a kai inda wayar faiba take. Ƙarfe ɗaya ya mutu a tsakiyar jerin, sai garuruwan da ke bayansa su rasa sabis alhali nasu ƙarafan lafiya lau.

Matsalar ba ta tsaya a karkara ba. Ranar 28 ga Fabrairu, 2024, yankewar wayoyin faiba a wurare da dama ta jefa masu layin MTN cikin sa'o'i ba kira ba data. Mako biyu bayan haka, ranar 14 ga Maris, manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kodebuwa. Masu su daban-daban ne, amma a wuri ɗaya suka ratsa ƙasan teku. Manhajojin bankuna suka rikice a Najeriya, gyara ya ɗauki makonni. Waɗanda suka farfaɗo da wuri su ne masu damar karkata zuwa Glo-1 ko Equiano, waɗanda abin bai shafa ba.

Ƙasashe masu arziki ma sun ɗanɗana. A Kanada, ranar 8 ga Yuli, 2022, kuskure ɗaya wajen sabunta saitin na'urorin kamfanin Rogers ya katse mutane fiye da miliyan 12. Wayar salula da intanet na gida duk a cibiya ɗaya suke haɗuwa, don haka suka faɗi tare, da na'urorin biyan kuɗi na shaguna, da kiran gaggawa na masu layin. Mai ofishin da ya sayi layin farko da na ko-ta-kwana a hannun kamfani ɗaya, ranar bai da ko ɗaya.

Wuta ce gaɓar farko

A arewacin Zamfara, kafin a yi maganar intanet sai an yi ta wuta. Watan Oktoban 2024 ya nuna dalili. Babban layin Shiroro zuwa Kaduna ya riga ya lalace a hannun ɓarayi, rashin tsaro ya hana a gyara shi da wuri, nauyin Arewa ya koma kan layin Ugwuaji zuwa Apir. Ranar 21 ga watan shi ma ya faɗi, yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda a duhu. Wannan ya ƙara wata ƙa'ida: da zarar na farko ya lalace aka koma kan na biyu, tanadi ya ƙare, sai an gyara na farkon.

Abin farin ciki shi ne kayan wayar ofis ba su da cin wuta. Wayar teburi ɗaya ba ta wuce 'yan wat ƙalilan. Ofis mai wayoyi 10, da akwati, da suwic, da rauta, yana iya tsayawa a wajen wat 100. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ajiye wat 2,400 na awa guda. Idan na ruwa ne, rabi kawai ya kamata a zuƙe don kada ya mutu da wuri, wanda zai riƙe wannan ofis kimanin awa 10. Da farantan sola biyu ko uku da ƙarin batir, sai a wuni a kwana ba a nemi wutar NEPA ba.

Dabarar ita ce a ware wa kayan waya nasu inbata da batir, kada a haɗa su da firji, fanka da cajin wayoyin ma'aikata. A sayi suwic mai tura wuta ta cikin igiyar intanet, wanda ake kira PoE, domin batir ɗaya a ɗakin na'urori ya ciyar da dukkan wayoyin ginin. A sa UPS, na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, a tsakani, saboda ɗan lokacin da ake ɗauka kafin a tayar da janareta ya isa ya kashe akwatin, kuma idan ya mutu yakan ɗauki mintuna kafin wayoyi su sake rajista.

Yanayi ma abokin gaba ne. Zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, kuma zafi na rage kwanan batir. Ƙurar hunturu tana toshe fankar na'ura. Da faɗuwar damina, tsawa kan bi igiyar da aka ja daga gini zuwa gini ta ƙone suwic da wayoyin da ke jikinsa. Maganinta sandar ƙarfe da aka binne da kyau, da na'urar kare kaya daga hauhawar wuta, da amfani da faiba tsakanin gine-gine, tunda ita gilashi ce, ba ta ɗaukar lantarki.

Yadda na biyu ke karɓar aiki

Ajiye na'ura ta biyu abu ɗaya ne, ita kuma ta karɓi aiki da kanta ba tare da an kira injiniya daga Gusau ko Sakkwato ba, wani abu ne daban. A yankin da tafiyar kilomita 50 ke buƙatar a tambayi lafiyar hanya tukuna, wannan bambanci yana da nauyi.

A manyan ofisoshi ana girke akwati biyu. Ɗaya na aiki, ɗaya na zaune yana kwafar duk saitin da aka canza. Kowace daƙiƙa ko biyu suna aika wa juna ɗan saƙon da ke nuna ana raye. Idan na biyun ya daina jin na farko, sai ya ɗauki adireshinsa, wayoyin teburi su ci gaba da aiki, sau da yawa ma'aikata ba su ma san an sauya ba. Wanda bai da kuɗin akwati biyu yana da hanya mai sauƙi. Kusan duk wayar teburi tana da gurbin rubuta adireshin akwati na biyu, wanda zai iya zama na reshen kamfanin a wani gari ko na haya a intanet. Mafi arha duka, a kwafe saitin akwatin a filas duk wata, a ajiye caja, suwic da waya ɗaya ta safaya a kabad.

Hanyar fita ita ma a ninka ta. Akwai rauta mai ƙofa biyu, wadda ke gwada layin farko a kai a kai, idan ya daina amsawa ta juya zuwa na biyu. Kiran da ake cikin yi yakan yanke a lokacin juyawar, amma na gaba zai shiga. Sharaɗin shi ne hanyoyin su bambanta tun daga tushe. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, yana hawa sama kai tsaye, ba ruwansa da ƙarfen bakin gari. Sai dai yana da tsada, yana cin wuta kusan kamar sauran kayan gaba ɗaya, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana raunana shi. Akwai kuma ƙaramar na'urar da ake zuba wa sim, a jona ta da akwatin, ta yadda idan data ta yi rauni amma kiran salula na shiga, wayar teburi za ta fita ta nan. Wannan ya dace da ƙauyukan da data ke wahala amma kira na tafiya.

Kira mai shigowa ma yana buƙatar tanadi, domin abokin ciniki lamba ɗaya ya sani. Kamfanonin layin SIP suna ba da damar a rubuta lambar salular da za a karkata kira gare ta idan ofis ya ɓace daga intanet. Ko ɗan kasuwa mai wayar hannu kawai yana da irin wannan: ya danna **62*, ya sa ɗaya lambar tasa, ya rufe da #, sai duk kiran da bai same shi a layin farko ba ya wuce na biyu.

Wata shawara ta fi kowace muhimmanci ga wannan yanki. Masu talla suna kwaɗaitar da ofisoshi su bar akwati gaba ɗaya, su yi hayar na kamfani da ke Legas ko Turai. Inda intanet ke tsaye, hakan na da amfani. Amma a irin wannan tsari, kiran da ma'aikaciyar jinya za ta yi daga ɗakin haihuwa zuwa ɗakin tiyata sai ya je Legas ya dawo. Akwatin da ke cikin gini kuwa ba ya buƙatar intanet don haɗa ɗaki da ɗaki. Asibitin da ke da nasa akwati da sola, ko a watannin 2021 da aka rufe komai, zai iya kiran likita daga gidansa na cikin harabar da tsakar dare. Haka makarantar kwana za ta iya haɗa mai gadin ƙofa da ɗakunan kwanan ɗalibai da gidan shugaba. Ga wuri mai faɗi kamar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, ko manyan asibitocin Shinkafi, Zurmi da Ƙaura, ko sakatariyar ƙaramar hukuma, wannan shi ne tanadin da babu umarni ko yankewar faiba da za ta taɓa shi.

Lissafi da gwaji

Masu sayar da kaya suna son ambaton kashi 99 cikin 100. Mai saye ya yi lissafi da kansa. Kashi 99 yana nufin kwana 3 da rabi da 'yan kai a shekara ba waya. Kashi 99.9 kusan awa 9 ne. Ma'aunin tsofaffin kamfanonin tarho, 99.999, minti 5 ne da 'yan daƙiƙu. Kowace tara da aka ƙara tana ninka kuɗi, don haka shagon sayar da taki ba ya buƙatar abin da ɗakin gaggawa na asibiti ke buƙata. Tambayar da za a fara da ita ita ce: awa nawa wannan wuri zai iya yi ba waya kafin a yi asarar kuɗi ko ta rai?

Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Sim ɗin ko-ta-kwana da aka bari watanni ba a yi amfani da shi ba, kamfani na iya rufe shi, ko a tarar datarsa ta ƙare. Batirin UPS yakan mutu ba tare da wata alama ba. Sau ɗaya a wata, a lokacin da aiki ya lafa, a zare layin farko da gangan, a kashe wutar gari, a ga ko kira zai fita kuma zai shigo. A rubuta sakamakon. A tabbatar mutum biyu ne suka san lambobin sirrin na'urorin, domin ma'aikaci ɗaya tilo da ya san komai shi ma gaɓa ce da ke iya tsinkewa. Kada kuma a tara dukkan abokan ciniki a manhaja ɗaya: ranar 4 ga Oktoba, 2021, WhatsApp, Facebook da Instagram sun ɗauke tare a duniya baki ɗaya na kusan awa 6. Lambobi masu muhimmanci su kasance a rubuce a littafi. Mai son oba-oba ko wayar tauraron ɗan'adam ya nemi lasisi, ya kuma sanar da jami'an tsaro, domin a yankin da ake fama da 'yan bindiga irin waɗannan kaya na iya jawo wa mai su zargi.

Abin da ya rage wa hukuma

Akwai nauyin da ya fi ƙarfin mai ofis. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a umarnin da ya sanya ƙarafan sabis da wayoyin faiba cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Amfanin umarnin zai bayyana ne idan motar dizal da injiniya suka iya isa ƙarfen Katuru ko na garin Moriki da rakiyar tsaro, kuma 'yan kwangilar hanya suka daina tone faiba ba tare da sun biya ba. Bayan abin da ya faru da Rogers, gwamnatin Kanada ta sa kamfanonin waya suka ƙulla yarjejeniyar ɗaukar kiran gaggawa na abokan cinikin juna idan ɗayansu ya faɗi. NCC tana da ikon neman irin wannan, musamman ga lambar gaggawa ta 112.

Rufe sabis kuma ba baƙon abu ba ne a Najeriya. An yi a Borno, Yobe da Adamawa a 2013, aka maimaita a Arewa maso Yamma a 2021. Duk gwamnatin da za ta sake ɗaukar wannan mataki, wajibi ne ta fara tanadar wa asibitoci, motocin ɗaukar marasa lafiya da makarantun kwana hanyar kira mai lasisi kafin a kashe ƙarfe ko ɗaya. Gwamnatin Zamfara da shugabannin ƙananan hukumomin Shinkafi, Zurmi da Ƙauran Namoda za su iya farawa tun yanzu, da kuɗin da bai kai na motar ofis ɗaya ba: kowane babban asibiti ya samu akwatin rarraba kira a cikin gininsa, da sola da batir nasa na kansa, da hanyar fita biyu da ba su haɗa ƙarfe ba, da ma'aikata biyu 'yan garin da aka horar su gwada su duk wata.